Gidan gem ɗin da ya mai da kanshi tashar tele, na je sau huɗu

Tun satin da ya wuce ake ta damuna a fada wai ya wurin nan yake, gidan gem ɗin nan na Sabon Gari da ya kafa ƙatuwar tele a waje ya rubuta TASHAR GEM da jan fenti a jikin bango. To na je, kuma ba sau ɗaya ba, sau huɗu na je da kuɗin aljihuna, ba wanda ya ce in zo in yi mishi talla, shi ya sa ma ba zan faɗi sunan wurin ba ko na mai shi, wanda ya san Damagaram ya riga ya gane, wanda bai sani ba ya tambayi duk wani ɗan kabu-kabu zai kai shi.

Wurin dai shago biyu ne aka fasa bangon tsakiya. A ciki akwai na'urorin gem na PlayStation, PS4 guda huɗu, PS5 guda ɗaya da aka ajiye ta cikin akwatin ƙarfe da kwaɗo kamar wata amarya, sai PS2 biyu a lungu na ƙananan yara. Mach ɗaya a PS4 dala ashirin, a PS5 dala hamsin, na yara dala goma, kuma wannan ba tsada ba ne don kusan haka ake yi ko'ina cikin gari. Yawancin mutane ƙwallo suke bugawa, FC ɗin nan da har yanzu kowa FIFA yake ce mata duk da tun 2023 aka canza sunan, sai ƴan tsirarun da suka riƙe PES da suka ƙi yarda an mai da ita eFootball, sai Mortal Kombat in an gaji. Har nan ba wani sabon abu.

Sabon abin yana waje. Patron ɗin ya sayo wata ƴar na'ura mai raba hoto biyu, ya ja wayar HDMI doguwa ta cikin taga har zuwa babbar telen da ke ƙarƙashin rumfa, ya jera benci shida, ya ɗaura bafil a jikin ginshiƙi, duk mach ɗin da ake bugawa a PS5 sai ya fito a waje kai tsaye. Kallo dala biyar, ranar turnuwa dala goma. Farkon da na ji na ce wannan mutum ya rasa abin yi, wa zai biya kuɗi ya kalli ɗan maƙwabcinsu yana danna manet, abin riƙewan nan da ake buga gem da shi.

Ranar Alhamis da dare na fara zuwa, kuma wallahi na haɗiye maganata. Bayan isha'i wurin ya cika har mutane na tsaye a bakin gudron, mai shayi ya matso da teburinshi, masu piya-wata na zagaye. Fada takwas ke cikin turnuwar, kowace ta kawo gwaninta. Abin da ya kashe ni shi ne yaron da ke riƙe da mikro, wani siriri da bai wuce shekara sha bakwai ba, yana sharhi irin na masu kawo kokowa a rediyo lokacin takobi, da kirari da habaici da komai. Ba ya cewa Madrid ta ci, cewa yake Garin Malam ta ci Zengu, kuma ya san wanda ya ci bashin mai shayi, ya san wanda aka kora daga lekol, duk sai ya sa cikin sharhin. A dami-final wani ɗan Birni ya zubar da penalti a minti na ƙarshe, yaron ya yi shiru kamar daƙiƙa uku sannan ya ce a hankali «inna lillahi, a kai mishi ruwa», wurin ya fashe gaba ɗaya, wani dattijo da ya tsaya da kekenshi yana kallo har sai da ya dafa bango. Shi kuwa mai zubar da penaltin ya fito daga ciki yana rantsuwa wai manet ce ta maƙale. Zan dawo kan maganar manet don ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba.

Da aka watse na tsaya muka gaisa da patron, mutum ne mai fara'a, ya girme ni da kaɗan. Na ce mishi yaya wannan dabara daga ina. Ya gyara tsayuwa ya ce ƙanena ai ni na fara wannan a duniya, tashar da ba a nuna komai sai gem, kuma in Allah ya yarda wata rana sai ta shiga buke ana kamawa a parabol. Na yi dariya na ce yaya Allah ya cika buri amma an riga ka, kuma waɗanda suka riga ka sun fi ka kuɗi nesa ba kusa ba, sau biyu suna buɗewa sau biyu suna rufewa. Ya jawo benci ya ce zauna ka ba ni labari, ya sa aka kawo shayi. Abin da na faɗa mishi shi zan maimaita a nan don da shi na auna wurin nashi.

Kamfanin Comcast ne, babban kamfanin tele ta waya a Amurka, ya shirya tasha da za ta zama ta gem zalla dare da rana. Wanda ya kawo tunanin kuma ya fara shugabantarta shi ne Charles Hirschhorn, tsohon babban ma'aikacin Disney, burinshi tashar ta zama wa ƴan gem abin da MTV ta zama wa masu son waƙa. Suka sa mata suna G4, suka buɗe ranar 24 ga Afrilu 2002, kuma ka san da me suka buɗe? Da Pong, gem ɗin nan na Atari na 1972, sanda biyu da ɗigo ɗaya yana kai da kawowa, shi suka saka har sati guda cur kafin shirye-shirye na gaske su fara. Patron ya ce kai, sati guda ana kallon ɗigo, ashe ni ma ban yi hauka ba.

A nan sai da na ɗan kauce hanya don ni ɗan zamanin Sega ne, mu ne muka yi layi a Zengu muna jiran a hura kaset a saka. Kafin G4 akwai abin da ake kira Sega Channel, an buɗe ta a Amurka a ƙarshen 1994 tare da kamfanonin TCI da Time Warner, amma ita ba tashar kallo ba ce duk da sunanta, wata na'ura kake cusawa a ramin kaset na Mega Drive ka haɗa da wayar tele, ka biya abonma na wata sai gem kusan hamsin su riƙa sauko maka ta waya kana zaɓa. A 1994 fa, lokacin da mu nan ko wayar hannu ba mu taɓa gani ba. Ta mutu a 1998 don zamanin na'urar ya wuce, PlayStation ta riga ta cinye kasuwa. Nintendo ma ta yi irin nata a Japan a 1995 ta tauraron ɗan Adam, Satellaview. Faransa kuma suna da Game One tun 1998, wato ko a tashar kallon ma ba Amurkawa suka fara ba. Amma G4 ce labarinta ya fi kama da na patron.

Matsalar G4 ta farko gidaje kaɗan ke kama ta. Sai a 2004 Comcast ta sayi wata tasha mai suna TechTV, ta Paul Allen wanda suka kafa Microsoft da Bill Gates, tasha ce ta kwamfuta da fasaha mai masoyanta na gaske kuma ta fi G4 shiga gidaje. Aka haɗe su a watan Mayu 2004 aka kira G4techTV, aka sallami ma'aikatan TechTV da yawa, aka kwashe sauran daga San Francisco zuwa Los Angeles, kafin shekara ta zagayo a Fabrairu 2005 aka goge TechTV daga sunan aka koma G4 kawai. Masoyan TechTV har yau ba su yafe ba, ka shiga YouTube ƙarƙashin tsofaffin bidiyon ka ga yadda suke kuka kamar jiya aka yi. Amma daga wannan auren dolen ne G4 ta samu shirye-shiryen da suka yi suna, X-Play na Adam Sessler da Morgan Webb da ke auna sabbin gem su ba su maki cikin biyar ba sani ba sabo, da Attack of the Show na Kevin Pereira wanda Olivia Munn ta yi suna a ciki kafin ta shiga fim. Na kalli tsofaffin da yawa da ragowar forfe na dare, turancina ba wani mai ƙarfi ba ne amma kana gani ka san mutanen nan suna son abin da suke yi.

To sai me ya faru. Awa ashirin da huɗu tana da yawa, kuma shirya shiri sabo kuɗi ne, sai masu tashar suka fara cike gurbi da abin da ya fi araha, maimaicin Cops inda kamara ke bin ƴan sanda suna kame, da Cheaters inda ake bin masu cin amanar aure, suna ta maimaitawa har mutane suka riƙa yi wa tashar ba'a da su. Sun dai yi sa'a da Ninja Warrior da suka ɗauko daga Japan, har suka yi na Amurka a 2009 wanda daga baya ya koma tashar NBC ya fi G4 ɗin da ta haife shi daɗewa, amma shi ma ai ba gem ba ne. Mai son gem ya kunna tashar gem ya tarar ana kama ɓarawo, sai ya kashe ya koma intanet. A Nuwamba 2010 DirecTV, babban kamfanin parabol na Amurka, ta cire ta daga bukenta ta ce masu kallo ba su da yawa, wannan kuwa miliyoyin gidaje ne suka tafi a dare ɗaya. Ƙarshen 2012 aka sanar da tsayar da manyan shirye-shiryen nan biyu, X-Play da Attack of the Show, aka ce za a mai da tashar Esquire Network a 2013, a ƙarshe ma aka fasa aka ba wata tashar sunan, G4 ta zauna tana maimaici kamar shagon da mai shi ya yi tafiya har aka kashe ta ranar 31 ga Disamba 2014.

Patron ya ce to ni ina ruwana da ƴan sanda. Na ce yaya bari in zo ranar da ba turnuwa.

Ranar Litinin na koma da la'asar. Telen waje na kunne, benci shida mutum huɗu, biyu ma barci suke, kuma abin da ake nunawa kacin Amurka ne na tsohuwar shekara, da ya ƙare aka saka fim ɗin Indiya mai fassara. A ƙarƙashin rubutun TASHAR GEM fa. Na leƙa ciki na ce yaya ga Cops ɗinka nan. Ya yi dariya har da tafawa amma ya ce to ya zan yi, ba kullum ake samun masu buga PS5 ba, dala hamsin ta yi wa yara yawa, kuma tele ba za ta zauna baƙa ba. Gaskiyarshi ce ta wani gefen, ita ce kuma gaskiyar da masu G4 suka riƙa faɗa. Sai dai gidan kallon fim da na bal sun cika gari, wasu da kilim ma, ba wanda zai taso daga Karkada ya zo nan don fim ɗin Indiya. Na ce mishi me zai hana ka ja wayar zuwa PS4 tunda su kullum a cike suke, ko mach ɗin ƴan shekara sha biyu ne in yaron mikro na nan mutane za su tsaya. Ya ce wayar ba ta kai ba. Mita uku ta rage, mita uku.

Zuwana na uku ranar Laraba na tarar da wani gwajin, ya sauko da bidiyon manyan gwanayen duniya na FC daga YouTube yana nunawa, irin waɗanda ke buga gasa ta kuɗi masu yawa. Wasa kam ba a magana, yatsunsu kamar ba na mutane ba. Amma ba wanda ya biya dala biyar. Yaran da ke wurin kowa ya duƙufa a kan wayarshi, wasu Free Fire wasu TikTok, ɗaya ya ce mini gran wannan ai ina da shi a waya kuma ni nake zaɓen wanda nake so. Wannan yaron bai san ya faɗi abin da ya kashe G4 karo na biyu ba. Don sun dawo fa, Comcast ta sanar a 2020, aka sake buɗewa ranar 16 ga Nuwamba 2021 da sabon sutudiyo da wasu tsofaffin fuskoki irin su Sessler da Pereira, a tele da YouTube da Twitch, dandalin intanet da ake kallon masu buga gem kai tsaye, gaba ɗaya, amma duniyar da suka bari ba ita suka tarar ba. Twitch da aka buɗe a 2011, wadda Amazon ta saya a 2014 kan dalar Amurka miliyan 970, ta riga ta koya wa mutane kallon gem kyauta daga ɗakin yaro ɗaya mai kamara ɗaya, kai kuma ka zo da ma'aikata da haya da albashi kana neman masu kallo iri ɗaya. A Oktoba 2022 aka sanar da rufewa, ko shekara ba su cika ba.

Abin da patron yake da shi wanda Comcast da duk kuɗinta ba ta da shi, shi ne mai kallo ya san mai wasa. Kamar kokowa ce, in Issaka Issaka na Dosso ya shiga fili da ɗan Damagaram ba fasahar kamu kaɗai ke tsayar da gari ba, namu ne a ciki. Ranar Alhamis mutane ba FC suke biya su kalla ba, biya suke su ga an kunyata ɗan fadar da ya cika baki sati guda, kuma gobe su same shi wurin mai shayi su ƙarasa mishi. Wannan ba ya saukuwa daga YouTube. Shi ya sa ni maganar shiga buke da parabol ban ɗauke ta da zafi ba, ranar da ɗan Maraɗi ya kunna ya ga Zengu da Garin Malam ba abin da zai ji.

Yanzu sauran abubuwan da suka ɓata mini rai, don an ce in faɗi gaskiya. Manet. Cikin goma da na ƙirga huɗu ne lafiyayyu, sauran analog ɗinsu, ɗan sandan nan da ake juya ɗan wasa da shi, na ja gefe da kanshi, ka saki hannu ka ga ɗan wasanka yana tafiya tush shi kaɗai kamar an kira shi, akwai ɗaya mai farin salatif da maɓallin R2 ɗinta sai ka danna da ƙarfin tuwo. Ni gyaran waya nake yi, na san ƙura ce rabin matsalar, ƙurar garin nan ba ta barin komai, a buɗe a wanke da alkol a canza analog ba wani kuɗi ba ne. A wasan banza a yi haƙuri, amma a turnuwar da mutane suka sa kuɗin shiga bai kamata a ce sa'ar manet ce ke fidda gwani ba, kuma na lura yaran gidan sun san masu kyau suna ɓoye wa abokansu.

Zafi kuma a ciki sai wanda ya shiga, bantilate biyu ne ɗaya ba ya juyawa, PS4 ɗin suna ihu kamar jirgi zai tashi. In kuran ya ɗauke akwai gurup amma sai an je an tayar da shi, minti biyar zuwa goma, kuma mach ɗin da aka yanke ba a maida kuɗi sai an yi ta cacar baki, ranar Laraba a gabana aka yanke wani yana ci uku da nema aka ce a sake daga farko, da kyar aka raba. Ƴar batir mai riƙe wuta ko ta PS5 kaɗai da ta kashe wannan rigimar. Sai yara masu kayan lekol da na gani da safe ranar da na biyo wucewa, wannan na faɗa mishi ido da ido na ce yaya ka kore su har a tashi, in iyaye suka taso maka ba mai tare maka. Ya ce zai duba. Abin yabo dai ya hana caca a fili kuma ana kashe komai lokacin salla, wannan na gani da idona har sau biyu, kuma ba a shan komai a wurin sai shayi.

In maki ake so irin na X-Play, daren Alhamis biyar cikin biyar ba tantama, ku je da wuri don benci na gaba kafin isha'i yake cika, ku riƙe canji don ba sa taɓa samun canjin jaka. Buga wasa a ranar banza uku, shi ma don kuɗin da sauƙi, ka duba manet kafin ka biya. Kallon ranar banza kuwa ɗaya, kar ka ɓata dala biyar ɗinka.

Jiya Alhamis na koma karo na huɗu da ƴar jakar aikina, kafin a fara na buɗe manet uku na wanke mishi, mai farin salatif ɗin ta wuce gyara na ce ya jefar ya ce a'a ta yara ce. Wayar HDMI har yanzu ba a ƙaro mita ukun ba wai sai wani ya je Kano. Ɗan Birnin nan mai penalti ya dawo, ya zaɓi manet da kanshi ya gwada ta kusan minti biyar kowa na jira, sannan aka ci shi huɗu da ɗaya a zagayen farko, yaron mikro ya ce a tambaye shi ko wannan ma ta maƙale.